Bajapanen Gumel da Labarin Ɗan Fari

Shekarun baya, ina sabon malami a wata makarantar sakandare a Gumel, muna da 'yar ƙungiyarmu ta masu sha'awar rubutu. Kowace Asabar bayan la'asar mukan jawo bencina daga aji mu jera a gindin darbejiya, maza a gaba, mata daga baya, wani ya karanta abin da ya rubuta, sauran su yi masa sharhi. Yawancinmu malamai ne da ɗaliban kwaleji, sai wani dattijo da ya yi ritaya daga sakatariya, wanda muka naɗa shugaba saboda shi kaɗai ne in ya ce a yi shiru ake yi. Ni kuwa ni ne sarkin sharhi. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina.

A wannan lokacin ne wani abokina da yake ƙaro karatu a Kano ya turo mini wata doguwar maƙala ta Turanci a waya, a kan wani salon rubutu na mutanen Japan. Abin da na fahimta shi ne, a can akwai marubutan da ba sa ƙirƙiro komai. Mutum zai ɗauki rayuwarsa yadda take, ya canza sunansa kawai, ya zuba ta a takarda: rowarsa, tsoronsa, abin da ya yi wa iyalinsa, har abin da in mu ne ko a gaban madubi ba za mu faɗa ba. Masu sharhinsu kuma sun rabu. Wasu suna ganin wannan shi ne adabi tsantsa tunda babu ƙarya a ciki, wasu suna ganin tsegumin kai ne kawai aka sa wa riga. Amma abin da ya fi kama ni shi ne ma'aunin da ake yawan sa wa irin wannan labari: shin da gaske ya faru, ko marubucin ya yi wa masu karatu kwaskwarima?

Gaskiyar magana, ko labari ɗaya daga cikin nasu ban taɓa karantawa ba. Sharhin kawai na karanta, shi ma wani wurin sai na tsallake saboda Turancin ya fi ƙarfina. Amma wannan bai hana ni tashi a gindin darbejiya in yi wa jama'a lacca ba. Na ce mun gaji da labaran gidajen bene da motocin da marubucin bai taɓa shiga ba. Na ce kowa ya koma ɗakinsu ya rubuto abin da yake jin kunyarsa. Duk maganar da zan yi sai na ce "a Japan", har yaran kwaleji suka laƙaba mini Bajapane. Ina jin su, kuma a raina daɗi nake ji.

Ni ne ma na kawo dokar cewa kada kowa ya sa suna a labarinsa. A jefa a cikin kwali, shugaba ya zaro ɗaya, wani ya karanta, a yi sharhi ba sani ba sabo. Na ce kunyar juna ce take kashe mana adabi. Shugaba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To Malam, Allah ya sa mu ga alheri."

Kafin in ci gaba sai na gaya muku wani abu game da ni. Ni ɗan fari ne, kuma gidanmu na masu noma da kiwo ne a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Wanda ya san irin gidajenmu ya san yadda alkunyar ɗan fari take. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, a can na girma. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake in da mutane, ba ta yabona, ba ta tsawata mini. In tana so in ci abinci sai ta ce wa ƙannena, "Ku kai wa yayanku." In na gaishe ta sai ta amsa tana kallon gefe. Na san al'ada ce, har a aji nakan yi wa ɗalibai bayaninta da fara'a. Amma sani daban, abin da ke cikin ƙirji daban. Na girma da wani ɗan ƙulli a raina wanda ban taɓa nuna wa kowa ba.

Ƙullin ya ƙara tauri ne tun ina saurayi. Wata Alhamis na raka mahaifina kasuwar Maigatari da shanu, wani bijimi ya tsinke igiya ya yi kaina. Abin da na sani ke nan. Da na farfaɗo ina kwance a asibitin Gumel, kakata tana gefena tana kuka. Mahaifiyata kuwa tana can bakin ƙofa, hannuwanta a cikin mayafi. Ta leƙo sau ɗaya, ta ce wa kakata, "Ya sha ruwa?" Aka ce ya sha. Ta juya ta fita. Wannan hoton na riƙe shekara da shekaru.

To, a lokacin da nake Bajapane, ƙanwata tana zaune a gidana tana karatu a kwalejin horar da malamai. Na ba ta shekaru da yawa, kuma yarinya ce mai shiru. Takan bi ni taron ta zauna a bencin baya, ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Ni a tunanina rakiya kawai take yi, don ta huta da wanke-wanke.

Wata Asabar shugaba ya zaro wasu takardu daga kwali ya miƙa wa mai karanta mana. Labari ne da bakin wata ƙaramar yarinya, wadda ta raka uwarta tallan nono wata tasha. Suna zaune sai aka yi ihu, amalanken shanu ya kife a kan wani saurayi. Saurayin nan ɗan farin matar ne. Matar ta yi jifa da ƙwarya, ta ratsa cikin maza a guje, mayafi ya faɗi, ɗankwali ya faɗi, ba ta waiwaya ba. Ta faɗa kansa ta rungume, tana kiran sunansa da ƙarfi, tana sake kira, a gaban surukanta da dillalai da duk wanda ya zo cin kasuwa. A cikin turmutsitsin har aka taka mata hannu, ƙaramin yatsanta ya karye, ba ta ma sani ba sai da aka ɗauke yaron. Labarin ya ƙare da yarinyar tana tsince sakainar ƙwarya ita kaɗai, nono yana bin ƙasa.

Aka gama karatun. Na ga wata malama tana goge ido da bakin hijabi. Wannan ne ma ya tunzura ni. Na miƙe, na gyara zaman hula.

Na ce rubutun yana da daɗi, ba laifi, amma daɗi ba shi muka zo nema ba. Na ce a Japan tambaya ɗaya ake yi wa irin wannan labari, ita ce ya faru ko bai faru ba, kuma wannan bai faru ba. Na ce duk wanda ya rubuta shi ɗan birni ne da ya ji labarin alkunya a bakin wasu. Wace uwa ce a ƙauyukanmu za ta kira sunan ɗan farinta a tsakiyar kasuwa, kai ba ɗankwali, surukai suna kallo? Na ce fim aka kalla aka zo aka juye mana. Har yatsa aka karya don a ƙara wa labari gishiri. Mutane suka yi dariya, ni kuwa dariyar ta ƙara mini mai.

Da na tsaya a nan da da sauƙi. Sai na dafa ƙirji na ce, "Ni da kuke gani ɗan fari ne. An taɓa kwantar da ni a asibitin garin nan, rai a hannun Allah. Mahaifiyata bakin ƙofa ta tsaya, ta tambaya ko na sha ruwa, ta tafi. Wannan ita ce gaskiyar gidajenmu. Wanda yake son ya yi rubutun gaskiya ya rubuta wannan, ya bar mana mafarki."

Na zauna ina jin kaina kamar wanda ya ci gasar kokawa. Shugaba ya ce, "Ko mai labari yana nan, yana son ya kare kansa?" Aka yi ta waige-waige. Ba wanda ya motsa. Na ce, "Kun gani ko?" Aka sake yin dariya, aka tashi.

A cikin adaidaita ƙanwata tana ta kallon titi. Ni kuwa ina ta zuba, ina maimaita mata wuraren da na fi burge jama'a. Da muka sauka a ƙofar gida na nufi zaure, sai na ji ta ce, "Yaya."

Na juyo. Idonta ya kaɗa, amma ba kuka take ba. Fushi ne, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba.

Ta ce, "Ƙaramin yatsan Inna na hagu, me ya tanƙware shi?"

Na ce, "Taɓarya mana. Wajen daka."

"Wa ya gaya maka?"

"Kowa ya sani."

Ta ce, "Haka aka ce a faɗa."

Na jingina da bangon zaure. Ta ci gaba. Ta ce ran nan a Maigatari tana tare da Inna a layin masu nono, ita tana ƙarama tana riƙe da ludayi. Aka yi ihu daga wajen shanu, wani ya wuce yana cewa ɗan gidan wane ne sa ya soka. Ta ce ba ta taɓa ganin Inna tana gudu ba sai ranar. Bijimin yana nan yana turnuƙu da igiya a wuya, maza suna ja da baya, ita ta shige ta kife a kaina. Shi ya taka mata hannu. Ta ce sunana kuwa, har masu raƙuma da ke can ƙarshen kasuwa sun ji shi.

Ta ce, "Na mayar da sa amalanke. Na mayar da Maigatari tasha. Yatsan ne kawai na kasa canzawa, na ɗauka shi zai sa ka gane."

Na ce, "To a asibiti fa? Da idona na ga..."

"Tun da aka kawo ka tana zaune a bayan tagar ɗakin, ba ci ba sha. Sai da ta ji ka buɗe ido sannan ta zagayo bakin ƙofa. Hannun da ka gani a cikin mayafi a ɗaure yake da tsumma."

Daga nan ta gaya mini sauran. Bayan an koma ƙauye mata suka riƙa yi wa Inna tsiya a bakin rijiya, wai ashe ta san sunan. Ƙannen mahaifina sun daɗe in sun shigo tana shigewa ɗaki. Ta daina zuwa kasuwa har aka yi girbi aka sake shuka. Kakata ce ta tara gida ta ce duk wanda ya sake tayar da zancen, ko ya kai mini shi, ba ita ba shi. Shi ya sa aka ɗora wa taɓarya.

Sai na ce abin da ya fi kowanne wauta. Na ce, "To me ya sa kika rubuta?"

Ta ce, "Ba kai ka ce kowa ya rubuto abin da ake jin kunyarsa a ɗakinsu ba? Kuma na gaji da ganin yadda kake gaishe ta kamar baƙuwa."

"Da shugaba ya tambaya, me ya hana ki tashi?"

Ta dube ni kamar ita ce babba. "In tashi in ce me, Yaya? In ce uwarmu ce ta yi gudu ba ɗankwali? A gaban mutanen da suka san gidanmu? Gara a ce ni maƙaryaciya ce."

Ta shige ciki ta bar ni a zaure. Na daɗe a tsaye har aka kira magariba. Kunya iri biyu ce ta rufe ni. Ta farko, na tsaya a gaban jama'a na ƙaryata ƙanwata, ita kuma ta haɗiye don ta rufa wa mahaifiyarmu asiri. Ta biyun ta fi ciwo. Ni da bakina na ɗauki matar da ta kwanta tsakanina da ƙahon sa, na kafa ta a gaban baƙi a matsayin hujjar uwar da ba ta damu ba. Abin da aka ɓoye don mutuncinta ban tona ba, amma na tona wanda ya fi shi muni, kuma ƙarya ne.

Asabar ta zagayo na je taron, ƙanwata ba ta bi ni ba. Na nemi izini na tashi na ce sharhin da na yi wancan makon kuskure ne, labarin gaskiya ne, ina neman afuwar mai shi. Shugaba ya ce, "Madalla. To mece ce hujja, Malam? Kai ka koya mana ba a magana sai da hujja." Hujjar tana nan a kan harshena, amma ba tawa ba ce da zan bayar. Na ce, "Ba ni da hujjar da zan iya faɗa." Wani ɗan kwaleji daga baya ya ce, "Yau Bajapane ya dawo gida." Aka kwashe da dariya. Na tsaya na sha ta, don na san kaɗan ce daga abin da ya kamace ni.

Ƙanwata ta karɓe takardunta ta hannun malamar nan mai hijabi, ba ta sake jefa komai a kwalin ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, kuma na san ta yafe. Amma duk lokacin da na ce ta sake rubuta wani abu sai ta yi murmushi ta ce karatu ya yi yawa. A duk zamanmu a gindin darbejiyar nan ba a karanta abin da ya kai nata ba, kuma ni na rufe bakin.

Da aka yi hutu na hau mota zuwa ƙauye. Na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana dama fura. Na durƙusa daga nesa yadda na saba na ce, "Kun wuni lafiya?" Ta amsa tana kallon ƙwarya. Na zauna a kan turmi ina satar kallon hannunta. Yatsan yana nan a karkace, ya ƙi bin 'yan uwansa wajen riƙe ludayi. Na sha ganinsa tun ina saurayi, ban taɓa dubansa ba.

Na yi ta juya maganar a raina, daga ƙarshe abin da ya fito shi ne, "Yatsan nan yana damunku kuwa?"

Hannunta ya tsaya. Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "In damina ta yi nisa yakan taɓa." Sai ta ja bakin mayafi ta rufe shi, ta ɗaga murya ta kira wata jikarta ta ce, "Zo ki miƙa wa babanku fura, ya sha hanya." Na karɓa na sha. Ba mu sake tayar da zancen ba har ta koma ga Allah, Allah ya jiƙanta da rahama. Ban san ko ta gane na sani ba. Ina kyautata zaton ta gane, don tun daga ranar in na zo ba ta tashi daga tsakar gida.

Daga baya na samu wasu daga cikin labaran mutanen Japan ɗin da aka fassara, na karanta su da kaina, a hankali, ba don in yi wa kowa lacca ba. Akwai masu kyau ƙwarai. Amma yanzu in marubuci yana tona kansa, hankalina yakan tafi kan waɗanda suke ɗakin tare da shi, matarsa ko uwarsa, waɗanda ba a tambaye su ba. A gidajenmu abin kunyar mutum ba nasa ba ne shi kaɗai, shi ya sa ƙanwata ta yi shiru, ni kuma na kira shirun rashin hujja. Har yau ina koyar da adabi, ina kuma yin sharhi, sai dai kalmar "bai faru ba" ta fita daga bakina. Iyakar abin da nakan ce shi ne ban taɓa gani ba.

Wannan ma da kuke karantawa sai da na nemi izinin ƙanwata. Yanzu tana aure a Gagarawa, tana koyarwa, da 'ya'yanta. Na kira ta na ce ina so in rubuta, tunda mai kunyar ba ta nan. Ta ce, "Rubuta. Amma kada ka gyara kanka a ciki." Na ce ba zan gyara ba.

Kafin mu ajiye waya na yi mata tambayar da na daɗe ina riƙewa. Na ce, "Ran nan, yaya ta faɗe shi? Cikakken sunan ta kira, ko wanda ake kirana da shi a gida?"

Ta ce, "Cikakken. Na yanka."

Na ce, "Ɗan faɗa mini yadda ta faɗa."

Can ta ce, "Yaya, ba zan iya kwaikwaya ba."

Ban matsa ba. Sau ɗaya mahaifiyata ta kira sunana a duniya. Dillalai sun ji, masu nono sun ji, masu raƙuma sun ji, duk Maigatari ta ji. Ni da nake kwance a hannunta ne kawai ban ji ba.